Jar Hular da Ke Bayan Ƙofarmu

Maigidana bai taɓa cin gardama a gida ba. Ni na fi shi baki, 'yarmu ta fari ta fi ni, autanmu kuwa da ya taɓe fuska an gama shari'a. Amma wannan bawan Allah da ba ya iya raba yaro da talabijin, duk safiyar Juma'a sai ya saka farar riga da faffaɗar farar hula, ya nufi wani fili a bayan gidajen Al Wukair, ya tsaya a tsakiyar ƙarti majiya ƙarfi. In ya ɗaga yatsa ɗaya, sai ka ga ƙato ya saɓa sandarsa ya fice. Na sha tambayarsa inda yake ɓoye yatsan nan sauran ranakun mako.

Alƙalin wasan kurket ne. Ba sana'arsa ba ce, injiniya ne a harkar iskar gas. Ya koyi wasan tun a makarantar kwana, a wajen wani malamin lissafi ɗan Indiya, kuma da bakinsa ya ce bai taɓa iya dukan ƙwallon ba, dokokin ne kawai suka zauna masa a ka. A shekararmu ta farko a Doha, yana dawowa daga sallar Asuba ya tarar da ma'aikata 'yan Indiya da 'yan Pakistan sun yi cirko-cirko a filin nan, ana nuna juna da sanda. Ya tsaya ya saurara, sannan ya faɗa musu abin da doka ta ce. Suka dube shi sama da ƙasa. Ga baƙin mutum cikin jallabiya, ba ɗan ƙasar kowa ba, ba ya jin yaren kowa, ba shi da ƙani ko suruki a kowane ɓangare. Abin da suka daɗe suna nema ke nan. Tun daga ranar na rasa mijina a safiyar Juma'a, ranar hutu guda da muke da ita tare.

Ga wanda bai san wasan ba, ga iya abin da ni ma na sani. Ana kafa turaku uku, a ɗora wasu 'yan guntayen itace biyu a kansu. Mai jifa zai sheƙo da gudu ya jefo ƙwallon fata mai taurin tsiya, mai duka ya kare turakun da sandarsa, ya maka ƙwallon nesa, ya yi ta gudu yana tara maki. In an yi jifa shida sai a canza mai jifa. Alƙali yana tsaye daf da inda ake sakin ƙwallon, shi zai ce wane ya fita, wane bai fita ba. Ko ta ina ya yanke, akwai rabin fili da suka haƙiƙance makaho ne.

Zagi kam ya sha shi da yare kala-kala. Na taɓa ce masa, "Wai Alƙali, ba ka jin ciwo?"

Ya ce, "Hajiya, zagin da ban san ma'anarsa ba ai waƙa ce."

Amma yana da tsarinsa. Ba ya sa-in-sa da ɗan wasa. In mutum ya fara kumfar baki, sai ya juya masa baya ya kira kyaftin ɗinsa, ya ce, "Mutuminka ya ɗau zafi, ba shi ruwa." In bai daina ba, ya ba ɗaya ɓangaren maki biyar. In kuwa abin ya kai ga cin kwala, sai ya taka a hankali zuwa turakun, ya ɗauke guntayen itacen nan biyu, ya jefa a aljihu, ya je ya zauna a kan kular ruwa ya buɗe fulas ɗin shayinsa. Ba guntaye, ba wasa. Rana tana ɗagawa, lokacin masallaci yana matsowa, mutanen da suka yi mako guda suna mafarkin safiyar nan suna kallon ta tana zurarewa. Da kansu za su jawo mai laifin ta wuyan riga su kawo shi ya ba da haƙuri. Maigida yakan ce shi ba ya hukunta kowa, rana ce take yi masa aikin.

Akwai kuma wata al'ada ta wasan da ni ce na fi kowa shan wahalarta. Mai jifa ba ya gudu da hula a ka. Kafin ya fara sai ya cire ya miƙa wa alƙali, alƙali ya riƙe masa har ya gama jifansa shida. Wasu alƙalan a ɗamara suke sokewa. Nawa kuwa a kansa yake ɗorawa, a saman farar hularsa, don a ganinsa hular namiji ba a soke ta a ƙugu kamar tsumman goge mota. Haka za ka hango shi da hula kan hula kamar mai talla a kasuwa. Ni kuma in ya dawo in yi ta cuɗa farar hula da gumin wasu da man kwakwar da suke shafawa a gashi, ina mita. Ya ce min, "Mutumin da yake ba ka ajiyar hularsa, ko ya zage ka, zagin bai kai zuci ba."

A cikin masu jifan akwai wani ɗan Pakistan, dogo, siriri, direban motar ɗaukar kayan gwari a kasuwar Abu Hamour. A gidanmu mai jar hula muke kiransa, don wata koɗaɗɗiyar jar hula da ba ya rabuwa da ita. Ya fi kowa saurin jifa, ya fi kowa ihu in yana neman alƙali ya fitar da mutum, ya kuma fi kowa saurin hawa. Amma in zai miƙa hularsa da hannu biyu yake miƙawa, ya ce, "Haji, amana." Ashe su ma haka suke faɗin kalmar. Maigida yana son yaron nan, kodayake ba zai yarda ba, don alƙali ba shi da na so.

Sai korona ta zo. Aka rufe komai, har filin. Ni a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti nake aiki, don haka kwanakin nan ban san hutu ba. Maigida ya koma aiki a teburin cin abinci, yana alƙalanci tsakanin yara a kan wa ya riga wa ɗaukar rimot, kuma ko sau ɗaya ba su bi hukuncinsa ba. Unguwannin da leburori da direbobi suke kwana kuwa an killace su, ba shiga ba fita. Labarinsu muke ji daga nesa.

Da aka sassauta kulle aka yarda a koma wasa, sai aka zo da sababbin dokoki. Ba musabaha. Ba shafa wa ƙwallo yawu, alhali kuwa masu jifa sun saba lasar yatsa su goga a ƙwallon don ya yi sheƙi ya riƙa karkacewa a iska. Sannan alƙali ba zai riƙe wa kowa hula ba. Juma'ar farko na ce sai na bi shi, in ga ko da gaske za su ba da tazara. Na zauna a mota a gefen fili da kwalin takunkumi da sinadarin wanke hannu, na kunna sanyi, ina ƙirga masu tari.

Da idona na ga abin. Mai jar hula ya rame, kamar ba shi ba. Da jifansa ya zo sai ya taho da murmushinsa, ya cire hula ya miƙa da hannu biyu. Maigida ya ja da baya taku ɗaya, ya mayar da hannuwansa baya, ya girgiza kai. Hular ta tsaya a iska tsakaninsu. Daga inda nake na ga murmushin ya mutu. Yaron ya dunƙule hular ya cusa a bayan wando, ya tafi wajen da yake fara gudu.

Sabo turken wawa. Kafin jifa na biyu ya lashi yatsa ya goga wa ƙwallo. Maigida ya tsayar da wasa, ya kira kyaftin ya yi gargaɗi, ya ciro tsumma ya fesa sinadari ya goge ƙwallon a gaban kowa. Aka ci gaba. Can ya sake, na tabbata bai ma san ya yi ba. Aka sake gogewa, aka ba abokan karawa maki biyar. Jifa na gaba ya bugi ƙafar mai duka, yaron ya juyo da ihu yana neman a ɗaga yatsa, maigida ya ce mai dukan bai fita ba.

Nan zuciya ta ɗebi yaron. Wannan karon bai yi zagin da yarensu ba, da Turanci ya yi, don a ji, ya haɗa har da launin fatar mijina. Maigida ya juya baya zai kira kyaftin kamar yadda ya saba. Sai yaron ya sa hannu biyu, hannuwan nan da yake miƙa hula da su, ya hankaɗa shi. Maigida ya faɗa kan turakun. Tabaransa ya fashe, girarsa ta tsage.

Ban san lokacin da na fito daga mota ba, ko mayafina ban gyara ba. Maigida ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe wandonsa, ya tsinci guntayen itacen nan daga ƙasa ya sa a aljihu, ya taho mota jini yana ɗiga a farar riga. Wayata tana hannuna, na riga na fara danna lambar 'yan sanda.

Ya ce, "Hajiya, ajiye wayar nan."

"Wallahi ba zan ajiye ba. Jini fa ya fitar maka."

"Na sani, ai nawa ne. In suka zo, yau a ɗaure zai kwana. Gobe kafil ɗinsa, ubangidan da ya kawo shi ƙasar, ya soke masa biza, jibi yana jirgi. Mutum nawa kike jin suna ci a hannun yaron nan?"

"Da zai ture ka ya tuna da su?"

"Shi bai tuna ba. Ni na tuna. Khalas, magana ta ƙare, zo ki manna min filasta."

Na manna masa, kuma ban tausasa hannu ba. Wannan ce gardama ta farko da ya yi nasara a kaina tun da aka ɗaura mana aure, kuma na yi kwanaki ina cin magani.

Kyaftin-kyaftin suka zo gida da la'asar, suka tsaya a bakin ƙofa da takunkumansu, suka ce duk abin da ya yanke shi ke nan. Na laɓe a kicin ina jira in ji ya ce ya yafe, don na san halinsa. Sai na ji ya ce ba 'yan sanda, ba mai kai magana wajen kafil, wanda ya ɗauki bidiyo ma ya goge a gabansu. Amma yaron ba zai ƙara taka cikin filin ba sai ranar da shi ya kira shi da bakinsa. Suka tambayi wata nawa. Ya ce bai sa wa'adi ba. Bayan sun tafi ya ce da ni, "Abincinsa ba hurumina ba ne, ba zan taɓa ba. Amma in mai dukan alƙali ya dawo bayan mako biyu, wanda zai gaje ni kwalba za a fasa masa."

Na ɗauka yaron zai yi zuciya ya ɓace. Ina. Duk Juma'a sai ya zo, ya tsaya a wajen igiyar da ta zagaye fili, ba ya ƙetare ta ko da ɗan yatsa. In ƙwallo ya fita ya bi shi da gudu ya jefo. Sannan aka fara tsintar kwali a ƙofar gidanmu: tumatir, tattasai, wani lokaci mangwaron ƙasarsu da ƙamshinsa yake cika matattakala. Maigida ya kinkima ya mayar, wai alƙali ba ya karɓar kyauta daga wanda shari'arsa take hannunsa. Na ce to ni ai ba alƙaliya ba ce, a bar min mangwaron. Ko kallona bai yi ba.

Wata Asabar na je Abu Hamour cefane, sai na hango jar hular a bayan wata mota ana sauke buhunan albasa. Dama na daɗe ina tanadin maganganu. Na taka har gabansa, na sauke masa kwandon da na yi watanni ina tarawa, da Turancina da guntun Larabcina, wajen da suka gaza na cike da Hausa. Ya cire hula ya riƙe a ƙirji har na gaji.

Sannan ya ce, "Madam, duk abin da kika faɗa haka ne."

Ba abin da ya fi wannan ɓata wa mai faɗa rai. Na tsaya ina huci. Shi kuma ya ci gaba a hankali, da karyayyen Turanci. Ya ce lokacin kulle su da yawa ne a ɗaki guda, ana cikin haka mahaifiyarsa ta rasu a gida, a waya ya ga an ɗauki makararta. Da aka buɗe su, duk inda ya kai kaya sai a ce ya ajiye a ƙasa ya matsa. In ya shiga lif, mutane su fita. Ya ce bai zargi kowa ba, tsoro ne. Amma a duk garin nan wuri ɗaya ne babban mutum mai ofis yake karɓar hularsa da guminta ya ɗora a kansa. Ita ya yi ta tunawa a ɗakin nan. "Da Haji ma ya ja da baya, ya goge ƙwallon da na taɓa, sai na ji kamar ni ne cutar."

Ba wanda ya gaya masa an yi dokar hula. An faɗa wa kyaftin-kyaftin, nasa ya manta.

Na dawo gida ban sayi rabin abin da ya kai ni ba. Na kwashe duka na gaya wa maigida. Ya daɗe yana shafa tabon girarsa. Can ya ce, "Dokar daidai ce. Sai dai da na je na same shi na yi masa bayani tun kafin ya miƙo hannu." Na ce to ai shi ke nan, Juma'a mai zuwa a kira shi. Ya ce a'a, dalili daban, duka daban.

Daga ranar ni da na so a ɗaure yaron na zama lauyarsa. Na bi ta lallashi, na bi ta gori, na bi ta tuwon shinkafa da miyar taushe. Ya cinye tuwon ya ce Allah ya yi albarka, hukunci yana nan. Mutumin da autanmu yake juya shi kamar waina a tanda, ya kafe min a kan wannan magana har aka yi azumi biyu. Wani lokaci haushi ya kama ni, wani lokaci kuma in dube shi in ji ya ƙara girma a idona, amma ban taɓa gaya masa ba, kada kansa ya kumbura.

Ana nan gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa ta matso. Gari ya cika da tutoci, ko'ina ana fenti ana shuka furanni. Aka sanar cewa filin namu za a kewaye shi a mayar da shi wajen ajiye motocin bas na baƙi, saura Juma'a ɗaya. A makon nan ne kuma kyaftin ɗin yaron ya bugo waya ya ce kamfanin su mai jar hula ya rage direbobi, yaron yana cikin waɗanda za su koma gida, an ma yankar masa tikiti.

Na ce, "Alƙali, ka ji dai."

Ya ce, "Na ji." Ya ci gaba da guge farar rigarsa. Har muka isa filin ranar Juma'a ban san abin da ke ransa ba, kuma tsoro nake ji ƙwarai kada taurin kansa ya sa yaron nan ya bar ƙasar a wajen igiya.

Aka yi ta wasa, rana tana ɗagawa. Yaron yana inda ya saba tsayawa. Aka zo jifa shida na ƙarshe, kyaftin ya miƙa wa wani ƙwallo. Sai maigida ya ɗaga hannu ya tsayar, ya juya wajen igiya, ya yafito shi.

"Kai. Yalla, zo ka yi jifa."

Yaron ya waiwaya baya, ko da wani ake. Sannan ya ɗaga ƙafa ya ƙetare igiyar kamar mai shiga masallaci. Ya zo gaban maigida ya cire hula, ya tsaya da ita a hannu, ya rasa yadda zai yi. An daɗe da janye dokar hula, amma shi rabonsa da cikin fili tun ranar nan. Maigida ya cire tasa farar hular, ya miƙa wa alƙali na biyu da ke taya shi. Ya sa hannu biyu ya karɓi jar hular, ya kafa ta a kan sanƙonsa kai tsaye. Ni da na yi shekaru ina mitar gumin mutane, ga ni a gefen fili ina share ido da bakin mayafi.

Yaron ya sheƙo da gudu ya saki jifan farko. Maigida ya miƙe hannu gefe ya daka tsawa, wai ƙafarsa ta wuce layi, jifan bai ƙirgu ba. Na ce a raina wannan mutum ba zai taɓa canzawa ba. Yaron ya tsaya ya dubi layin, ya dubi alƙali da jar hula a ka, sai ya tuntsire da dariya har da riƙe gwiwa. Filin duka ya ɗauka.

Da aka tashi maigida ya cire hular ya miƙa masa. Yaron ya mayar da hannuwansa baya, ya ja da baya taku ɗaya, yana murmushi. Ya ce, "Haji, amana. Sai na dawo jifa." Ya juya ya bi abokansa zuwa motar da ta kawo su.

Baƙi sun zo sun tafi, an kwashe motocin bas, an samu wani filin can gaba, maigida ya koma alƙalancinsa. Yaron bai dawo ba, lambar wayarsa da muke da ita ma ta daina shiga. Jar hular tana rataye a bayan ƙofarmu, kusa da farar. Kwanakin baya ina tattara tsofaffin kaya za a bayar sadaka, na ɗauko ta na sa a leda. Maigida ya zo ya cire ta, ya kakkaɓe, ya mayar kan ƙusarta.

Ya ce, "Ba tamu ba ce, Hajiya. Mai ita bai gama jifa ba."